Ga ruwa ana zubarwa, ga gari babu wuta: yadda Kainji da sauran madatsun lantarki ke aiki

Daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba kusan sanarwa iri ɗaya ce ke fitowa kowace shekara: za a saki ruwa daga Kainji da Jebba, Shiroro ta buɗe ƙofa, Kamaru ta aiko da takarda kan madatsarta ta Lagdo, mazauna gaɓar kogi su tattara su koma kan tudu. Bayan wata shida, bazara ta shigo, zafi ya hana barci, sai kuma a ji cewa ruwa ya ja baya a madatsu, shi ya sa wuta ta ragu. Mai sauraro ba shi da laifi idan kansa ya ɗaure. Ruwan da aka zubar jiya har ya cinye gonaki, me ya hana a ajiye shi? In kuwa ruwan ya yi yawa haka, me ya sa a daren da ake zubar da shi unguwanni da dama suna cikin duhu?

Amsar tana cikin yadda aka tsara madatsar tun daga farko. Tafkin ɗaya ne, amma ana neman abu biyu a wurinsa waɗanda ba sa jituwa. Mai samar da wuta yana son tafki a cike. Mai gudun ambaliya yana son a bar wuri a cikinsa don ruwan da ke tafe. Aikin masu kula da madatsa, daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, raba tsakanin waɗannan biyun ne, ba tare da sun san tabbas ruwan da sama za ta zubar ba.

Yawan ruwa da tsawon faɗuwa

Abu biyu ne ke ba da wuta a madatsa: yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa, da tsawon da yake faɗowa. Bangon madatsa yana tare kogi ne don ruwan ya taru ya yi tudu. Daga nan a buɗe masa hanya ta cikin manyan bututai, ya gangaro da ƙarfi, ya bugi farfelar wani inji, ita kuma ta juya ƙarfen da ke haɗe da janareta a samanta. Taransifoma ta ɗaga ƙarfin wutar zuwa kilobolt 330, manyan layuka su kwashe ta. Ruwan kansa ba ya ƙonewa, ba ya raguwa. Da ya gama juya farfela sai ya fita ta ƙasan bango ya ci gaba da tafiyarsa a kogi.

Ana auna ruwan da kubik mita. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, wato duro biyar na lita 200, nauyinsa tan guda. A Kainji, idan tafki ya cika, ruwa na faɗowa kimanin mita 40. A wannan tsawon, yunit ɗaya da mitar gida ke cinyewa yana buƙatar kusan kubik mita 10, duro 50 ke nan. A Shiroro, wadda bangonta ya kai mita 115 a wani matsatsi na Kogin Kaduna, ruwan na faɗowa kusan mita 100, don haka kubik mita huɗu sun isa su ba da yunit ɗin. Shi ya sa Shiroro ke iya ba da megawat 600 daga kogin da bai kama ƙafar Kogin Kwara ba, su kuma Kainji da Jebba, da ke kan Kwara, suka dogara da yawan ruwa. Injinan ma ba iri ɗaya ba ne. Inda faɗuwa ke da gajarta ana sa masu faffaɗar farfela da ke haɗiye ruwa mai yawa, inda take da tsawo a sa masu jure matsi.

Daga wannan lissafin abu biyu ke fitowa. Na farko, duk mitar da tafki ya sauka, kowane duron ruwa ya rage daraja, domin tsawon faɗuwarsa ya ragu. Ruwan watan Yuli, lokacin da tafki ya yi ƙasa, ba ya ba da wutar da irinsa ke bayarwa a Disamba. Na biyu ya fi muhimmanci. An tsara Kainji da ramukan inji 12 don megawat 960, amma takwas aka saka zuwa ƙarshen shekarun 1970, masu megawat 760. Kafin waɗannan takwas su yi aiki gaba ɗaya suna buƙatar ruwa sama da kubik mita 2,000 a kowace daƙiƙa. Tafkin na ɗaukar kimanin kubik mita biliyan 15. Da za a kunna injinan duka dare da rana ba tare da sabon ruwa na shigowa ba, tafkin mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,200 ba zai kai wata uku ba. Ke nan adadin megawat da ake rubutawa a allon tasha iyakar ƙarfin injinan ne, ba alkawarin abin da za a samu kullum ba.

Inda ake kafa bango, da abin da ake gina shi da shi

An fara ginin Kainji a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da rancen Bankin Duniya da na wasu ƙasashe, kamfanonin Italiya suka yi aikin, aka gama a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa. Kafin a kai ga zuba kankare sai da aka shafe shekaru ana awo. Masu zane na neman wurin da ƙasan kogi dutse ne mai ƙwari wanda ba ya tsiyaya, kwarin ya matse yadda bango ba zai yi tsawon da ya fi ƙarfin aljihu ba, bayansa kuma akwai fili mai zurfin da zai riƙe ruwa. A yankin Bussa kogin na bi ta kan duwatsu, wuraren da Baturen nan mai yawon bincike, Mungo Park, ya halaka a 1806, ga kuma tsibirin Kainji a tsakiya da aka ɗora bangon a kansa.

Bangon Kainji ba abu ɗaya ba ne. Tsakiyarsa kankare ne zalla, tsayinsa kimanin mita 65, nauyinsa ne kawai ke hana ruwa ture shi, kuma a nan ne ɗakin injina da ƙofofin sakin ruwa suke. Hagu da dama tarin dutse ne da ƙasa. Akwai kuma wani dogon bango na daban da ya toshe wani kwari a gefe, inda ruwa zai zagaye ya tsere idan tafki ya cika. Idan aka haɗa duka, tsawon ya kusa kilomita 10. An ma gina mashigar jirage mai ɗaga jirgi daga ƙasan kogi zuwa tafki, domin a lokacin ana hasashen za a riƙa dakon kaya ta ruwa har zuwa Nijar, hasashen da bai yi nisa ba.

Bangon ƙasa da dutse yana da arha kuma yana da ƙarfi, amma yana da abin da ba ya jurewa: ruwa ya bi ta kansa. Da zarar ya fara tsallakewa, zaizaya ce za ta fara daga baya, cikin sa'o'i ta yanka shi. Kano ta ga ɓallewar Bagauda a 1988, Maiduguri ta ga abin da Alau ta yi a Satumban 2024. Waɗannan ba madatsun lantarki ba ne, amma sun nuna abin da ke faruwa idan ruwan da aka tara ya fita lokaci guda. Don gudun haka ake gina magudanar rarar ruwa, a Kainji mai manyan ƙofofin ƙarfe huɗu, kuma ake auna girmanta da ambaliyar da ta fi duk wadda aka taɓa gani. Ana kuma barin rata tsakanin iyakar cikar ruwa da kan bango, don igiyar ruwa da iska.

Kowace madatsa tana tsiyaya kaɗan, wannan ba abin tsoro ba ne. A cikin kankaren akwai ramukan da ma'aikata ke shiga suna karanta na'urorin awon matsin ruwa, a gindin bangon ƙasa kuma akwai wuraren da ake tara tsiyayar a auna. Abin da suke dubawa yawanta ne da launinta. Idan ta fito garau, kamar jiya kamar yau, lafiya lau. Idan ta ƙaru ba dalili, ko ta fito da laka, alama ce ruwa ya fara kwashe cikin bangon.

Tafkin kansa hawa-hawa ne. Can ƙasa akwai ruwan da bututan injina ba sa kaiwa gare shi, an bar shi ne don laka ta samu wurin kwanciya. Samansa ruwan aiki ne, wanda ake ci ana mayarwa, kuma a Kainji bambancin cika da ja baya yana kai kimanin mita 10 a shekara. Na saman duka shi ne wurin da ake son a bari don tarbar ambaliya. Rana ma tana da nata kason: duk mita ɗaya da ta shanye a saman tafki mai wannan faɗi ya haura kubik mita biliyan ɗaya, kuma a zafin yankin abin da take sha a shekara ya wuce mita guda.

Kogin da ke cika sau biyu

Abin da ya bambanta Kainji da Shiroro shi ne halin Kogin Kwara, wanda mutanen Nijar ke kira Isa. Yana kawo cika biyu a shekara. Ta farko ita ce farar ambaliya, daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Ruwan saman kusa ne, na yammacin Nijar da Burkina Faso da arewacin Benin da kwarin Sakkwato da Rima. Yana zuwa da gaggawa, ɗauke da laka, shi ya sa launinsa ya yi fari-fari. Ta biyu ita ce baƙar ambaliya. Ruwan da ya zuba a tsaunukan Gini ne tun damina, ya gangaro Mali, ya baje a babbar fadamar da ke tsakanin Segu da Tumbuktu, ya shafe watanni yana ratsa ciyayi, lakarsa ta kwanta, kusan rabinsa rana da ƙasa suka sha. Abin da ya rage sai ya wuce Yamai ya iso Kainji tsakanin Disamba da Fabrairu, ana cikin hunturu, a tace, shi ya sa yake da duhu a ido.

Wannan tsari babbar sa'a ce ga tashar. Farar ambaliya ta cika tafki, baƙar ta riƙe shi a cike har rani ya yi nisa, sai daga wajen Maris a fara cin ajiya, tafki ya yi ta sauka har damina ta kankama. Kogin Kaduna ba shi da wannan gata. Damina ɗaya ce, da ta ɗauke kogin ya zama siriri, Shiroro ta koma lallaɓa abin da ta tara. A nan tafki ya yi kama da rumbu: abin da aka zuba da kaka shi za a ci har sabuwar shekara, kuma wanda ya buɗe baki ya ɗiba da yawa tun hunturu zai sha wuya da bazara.

Akwai wata matsala da masu zanen farko ba su da yadda za su hango. Bayanan kogi da suka yi aiki da su na shekarun da aka yi ruwa sosai ne. Ba a jima da buɗe tashar ba fari ya afka wa Sahel a farkon shekarun 1970, ya sake dawowa a na 1980, har kogin ya tsaya cak a Yamai a watan Yunin 1985. Daga baya kuma abin ya juya ta wata fuska. Sarar daji da zaizayar ƙasa sun sa ƙasa ba ta shan ruwa kamar da, ruwan sama na gangarawa kogi kai tsaye, farar ambaliya ta ƙara kaifi. Yamai ta sha ambaliya a 2012 da 2020. Tasha ɗaya ke nan da aka zana don wani kogi, take aiki da kogin da halinsa ya canja.

Yadda ake yanke shawarar buɗe ƙofa

Kowace babbar madatsa tana da jadawali da ke nuna matakin da ya kamata tafki ya kasance a kowane wata. Da shi ake gwada awon kullum. Ma'aikata na karanta matakin tafkin, suna karɓar awon kogi daga tashoshin da ke sama, irin su Yamai da Jidere Bode a Kebbi, ga hasashen ruwan sama daga NiMet da na ambaliya daga hukumar NIHSA. Ruwan da aka auna a Yamai yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso, kuma waɗannan kwanakin su ne duk jarin da mai kula da ƙofa ke da shi.

A ɗauki misali. Santimita ɗaya a saman tafkin Kainji idan ya cika ya kai kubik mita miliyan 12. A ce ruwan da ke shigowa ya fi wanda injina ke haɗiyewa da kubik mita 3,000 a daƙiƙa. A yini guda tafkin zai hau kimanin santimita 20. Idan saura mita biyu ya cika, kwana goma ke nan. Bayan haka ba sauran zaɓi, duk abin da ya shigo dole ya fita, ko ta ƙofa ko ta kan bango.

Don haka tambayar ba ta ko za a saki ruwa ba ce, ta yaushe ce da kuma nawa. Wanda ya fara saki da wuri, kaɗan-kaɗan tun Agusta, ya tanadi wurin da zai tare ƙololuwar ambaliya, mutanen ƙasa su ga kogi ya hau a hankali. Haɗarinsa shi ne damina ta ɗauke da wuri, ya shiga rani da tafkin da bai cika ba, ƙasa ta rasa wuta, kamfani ya rasa kuɗi. Wanda ya riƙe ruwa yana jiran ya tabbatar, idan damina ta zarce, zai wayi gari dole ya buɗe ƙofofi da yawa lokaci guda, a daidai ranakun da kowane rafi a ƙasa ya riga ya tumbatsa. Mummunar ambaliyar da ake danganta wa madatsu galibi daga wannan hali na biyu take fitowa. Madatsa ba ta ƙirƙirar ruwa. Abin da take iyawa shi ne ta sauya lokacin zuwansa, kuma sauyin kan iya zama rahama ko akasin haka.

Lamarin ya ƙara sarƙewa domin madatsun a jere suke. Abin da Kainji ta saki yana faɗawa tafkin Jebba, kimanin kilomita 100 a ƙasa, tashar da aka buɗe a tsakiyar shekarun 1980 mai megawat 578. Ruwa ɗaya yana ba da wuta sau biyu ke nan. Amma tafkin Jebba ƙarami ne, ba ya iya riƙo, in Kainji ta buɗe ita ma sai ta buɗe. A Kogin Kaduna, Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990, yanzu tana zuba wa Zungeru mai megawat 700 da kamfanonin ƙasar Sin suka gina. Kaduna na haɗuwa da Kwara a ƙasan Jebba, cikin ƙasar Nupe, sannan duka su tarar da Binuwai a Lokoja. Idan sakin ya haɗu a mako guda, Mokwa da Lavun da Katcha da Patigi ne ke fara gani.

Tun 2013 tashoshin suna hannun 'yan kasuwa bisa yarjejeniyar haya: Mainstream Energy na riƙe da Kainji da Jebba, daga baya ta karɓi Zungeru, North South Power na riƙe da Shiroro. Masu suka na cewa kamfanin da ke sayar da wuta yana da dalilin son riƙe ruwa fiye da kima. Kamfanonin na cewa ba su kaɗai ke yanke hukunci ba, suna aiki da hukumomin gwamnati, kuma tun da aka gyara injinan da suka mutu ruwa mai yawa ta cikin inji yake bi maimakon ta ƙofa. Duka maganganun biyu suna da ƙamshin gaskiya. Abin da zai raba gardama shi ne a riƙa wallafa matakin tafki da abin da ke shiga da fita kullum inda kowa zai gani.

Gardamar Lagdo

Lagdo tana kan Binuwai a arewacin Kamaru, sama da Garwa, an gama ta a 1982, megawat 72 kacal take bayarwa. Sunanta ya cika bakin 'yan Najeriya bayan ambaliyar 2012, wadda hukumar NEMA ta ce ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan biyu da muhallansu, da ta 2022 da ta kashe sama da 600. A duka shekarun an saki ruwa daga Lagdo.

Ɓangare ɗaya na cewa sakin ne musabbabi, kuma da Najeriya ta gina madatsar Dasin Hausa a Adamawa, wadda aka daɗe ana maganarta, da ta tare ruwan. Ɗaya ɓangaren, wanda ministan albarkatun ruwa na lokacin, Suleiman Adamu, ya tsaya a kai a 2022, na cewa kason Lagdo kaɗan ne, yawancin ruwan na sama ne da ya zuba a cikin Najeriya. Taswira na taimakawa a nan. Bayan Lagdo, Binuwai na karɓar Mayo Kebbi da Faro, sannan Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala, kuma yawancinsu ba su da babbar madatsar da za ta rage musu ƙarfi. Ga mutumin Yola ko Numan, da ke kusa, sakin Lagdo abu ne da ake gani da ido. Kafin ruwan ya kai Makurdi da Lokoja ya zama kaso ɗaya cikin ruwaye da yawa. Sai dai kogin da ya riga ya kai baki, ƙari kaɗan ya ishe shi ya tsallake. Dasin Hausa za ta iya rage wa Adamawa nauyi, amma ba ta da iko da kogunan da ke shigowa a ƙasanta.

Me ya sa ake duhu alhali tafki a cike yake

Ba a ajiye wutar babban layi. Abin da aka samar a wannan daƙiƙar a cikinta ake shanye shi, kuma dole samarwa ta yi daidai da sha don injinan ƙasar duka su ci gaba da juyawa a bugu 50 cikin daƙiƙa. Cibiyar kula da rarraba wuta da ke Osogbo ce ke gaya wa kowace tasha abin da za ta bayar. Idan layin ɗauka ya lalace, ko kamfanonin rarrabawa suka ƙi karɓar wuta saboda ba za su iya tara kuɗinta ba, sai a ce tasha ta rage. Ruwan da bai bi ta inji ba, in tafki a cike yake, ta ƙofa zai fita. Haka ma idan inji na kwance ana gyara.

Arewa ta ɗanɗana wannan a Oktoban 2024, lokacin da jihohi da dama suka kwashe kwanaki a duhu. Ba ruwa aka rasa ba, ƙarshen damina ne. An lalata layin Shiroro zuwa Mando a Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta jihar Binuwai shi ma ya samu matsala. Ga kuma batun girma: mafi yawan wutar Najeriya daga tashoshin gas take, madatsu ƙaramin kaso ne, ko sun ba da iyakar ƙarfinsu ba za su cike giɓin ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba. Inda suka fi amfani shi ne sauri. Injin ruwa na tashi cikin mintuna, yana iya ƙarawa ko ragewa nan take, kuma idan babban layi ya faɗi gaba ɗaya, da madatsun ake fara tayar da shi.

Mutanen gaɓa, da maƙwabtan sama

Tafkin Kainji ya haɗiye tsohuwar Bussa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa a masarautun Borgu da Yawuri. Sama da mutum 40,000 aka tayar, cikinsu da Gungawa da suka shahara da noman albasa a tsibirai, aka gina Sabuwar Bussa. Tafkin ya jawo masunta daga nesa, aka kafa cibiyar binciken kifi a garin, kuma ƙasar da ruwa ke janyewa ya bari kowace shekara ta zama wurin noman rani da kiwo. Wanda ya yi shuka a nan yana tsere ne da jadawalin madatsa, in ruwa ya dawo da wuri ya cinye. Kututturan itatuwan da ba a sare ba kafin a cika tafkin suna nan a ƙarƙashi, suna cikin abubuwan da direbobin kwale-kwale ke tsoro idan ruwa ya ja baya. Ruwa mai kwanciya kuma yana renon dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya.

A ƙasan bango asarar ta wani iri ce. Lakar da farar ambaliya ke shimfiɗa wa fadama a matsayin taki yanzu a tafki take kwanciya, tana rage masa ciki sannu a hankali. Shekarun da aka tare ambaliya sun sa mutane sun matso da gidaje da gonaki bakin kogi, shi ya sa sakin gaggawa ke ɓarna fiye da da. Irin waɗannan koke-koken ne suka haifar da HYPPADEC, hukumar raya yankunan da madatsun lantarki suke, wadda aka yi dokarta a 2010 amma sai bayan shekara goma ta fara aiki. Ga mai shinkafa a fadama, sanarwar da ke da amfani ita ce mai faɗin rana da yadda ruwa zai hau a garinsa, a harshen da yake ji, tun shinkafar na da sauran damar yanka. Sanarwar a koma kan tudu, ba tare da an ce wane tudu ba, ba ta cika tayar da kowa ba.

Sauran lissafin yana hannun ƙasashen sama. Tun shekarun 1970 Najeriya ke ba Nijar wuta ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, kuma jami'ai sun sha bayyana cewa hikimar ita ce kada maƙwabciyar ta tare kogin. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an yanke wutar, a lokacin da ƙasar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga Najeriya, ba a mayar ba sai a 2024. Nijar na gina madatsar Kandaji a jihar Tillaberi, mai megawat 130, aikin da ya sha tsaiko. Mali na da Selinge da Markala, Gini na da shirin Fomi. Hukumar kwarin kogin mai ƙasashe tara, wadda hedikwatarta ke Yamai, ita ce dandalin da ya kamata a sasanta rabon. Injiniyoyin Nijar na cewa Kandaji za ta ƙara ruwa a kogi lokacin rani, abin da zai amfani kowa. Damuwar ɓangaren Najeriya ita ce ban ruwan gonaki da zafin rana a sabbin tafkuna za su ci daga baƙar ambaliya, ruwan da ke riƙe Kainji da Jebba daga Disamba har zuwa bazara.